Arba'in da Guda

Ran Litinin, ina tsakar awon aya,
hannuna fari fat da ƙasar Cadawa,
wani mai babur ya tsaya bakin rumfa:
"Kai ne Tsayabu ɗan Barmo?"
Na ce ni ne, in ba bashi ba ne.
Bai yi dariya ba. Ya miƙo takarda.

Hatimi shuɗi, rubutun nasara.
Sunana kaɗai na gane, na dangwala yatsa.
Kafin in ninke ta, layin masu gyaɗa ya ji.
Kafin azahar an ce a Mokoyo an kama ni,
kafin la'asar 'yan kasuwa
har sun yanke mini wata shida.

Salamu ta dama fura, ban sha ba.
Ta ɗaure mini bargo da buta, tana share ido.
Ni kuwa na kwanta ƙirgen laifina:
tiyar nan mai lotsattsen gindi
da na yi awo da ita shekarar tsada,
jika ukun marigayi Nomau
da na ce gobe, gobe, har ya bar gida.

Da asuba na buga ƙofar Mushe Labo,
shekara talatin yana rubutu a gidan shari'a.
Ya ɗora tabarau bisa hanci, ya ce:
"Kwance bargonka, ba kai ake ƙara ba.
Sammaci iri-iri ne.
Akwai na wanda ya yi, akwai na wanda ya gani.
Idonka ake nema aro, naka na shaida.

Amma fa ba goron suna ba ne,
da za ka ce ruwa ya tare ka.
Ka ƙi zuwa, a ci ka tara,
ka sake ƙi, jandarma ya yi maka rakiya.
Dubi layin ƙasa kuma:
an ce ka taho da littafin awonka.
Laraba, ƙarfe tara. Haka take, ƙa'ida."

Littafin!
Sai na gwammace wata shidan.

Ga shi nan, bangonsa ya sha man gyaɗa.
Shafin watan da aka kai aya Jibiya:
Ɗan Tani na Cadawa, buhu arba'in da ɗaya,
kowane da zanen da na ja da hannuna.
Alhaji Mantau ya ce talatin ya karɓa.
Alhaji Mantau da ya ba ni rumfa,
wanda ya biya aikin Salamu a likita
ranar da dangina suka ce hanya ta ruɗa.

Daren Talata yaronsa ya yi sallama,
buhun shinkafa a ka, saƙo a baki:
"Alhaji na gaisuwa.
Ya ce ɓera ya yi yawa bana,
har littafi yana ci."
Na dubi buhun, na dubi Salamu.
Ta taɓa tabon cikinta, ta daɗe shiru,
kana ta ce: "Ɗan Tani ma da mata a gida."

Ɗakin shari'a ya fi yadda na zata ƙanƙanta.
Fanka na juyi kamar ba ta so.
Ɗan Tani da takalmin taya, ƙafa duk faso.
Alhaji bai dube ni ba, carbi yake ja.
Tafinta ya ce: "Ɗaga hannu.
Faɗi abin da ka gani,
kada ka rage, kada ka daɗa."

Shekara ashirin ina share bakin tiya,
ban san za a auna ni da ita ba.
Na buɗe shafin, yatsana na rawa.
Na ƙirga zane a bayyane, kamar yaron lakwal,
na ce: "Arba'in ne. Da guda."

Juma'a na tarar da sabon kwaɗo a rumfa.
Yanzu gindin bedi nake awo, kusa da tasha.
Buhun shinkafar yana zaure, ba a kwance ba.
Jika ukun Nomau na kai wa ɗiyarsa jiya.
Ita wannan, ba wanda ya aiko takarda.