Mai Kujera Biyu

Nazifi ya zo hutu daga Dutse,
ya nuna mini ita a waya:
jawur kamar tattasan fadama,
cikinta na shafar ƙasa kamar damo.

Wai kuɗin riɗin bana
da rabonsa na gonar Baba sun kusa isa.
Saura zango uku ya gama karatu.

Na ce, ƙanena, kujera biyu ce fa.
Ran da Inna za ta ga likita a Jahun,
wa zai riƙe ta a hanya?
Buhun gero kuma, a cinya?
Ka tuna mota ba ta cin harawa.

Ya ce, Yaya, ba ka san gudu ba.

Gaskiyarsa. Gudun da na sani
na Goje ne da Bauɗe, shanun amalankena,
in sun hango gida da magariba.
Su ne kuma za su jawo ta
ran da ta kafe a yashin bayan gari.

Ban hana shi ba, haƙƙinsa ne.
Na dai ce takarda ta riga taya
shigowa gidan nan.

Da zai koma, a bakin tasha,
na rage murya na ce,
turo mini hoton nan.