Gwangwanin Ƙarƙashin Gado

Kullum sha ɗayan dare, Gyallesu ta yi tsit,
sai rediyon maƙwabci ke gunaguni ta katanga.
Na ci tuwo, na ƙoshi, na wanke hannu,
amma ga ni durƙushe gaban gado
ina laluben gwangwani kamar ɓarauniya
a ɗakin da ni ke biyan hayarsa.

Mazarƙwaila ce ta kasuwar Tudun Wada,
da gullisuwa ƙulli uku, da ragowar alkakin suna.
Ba taunawa nake ba, haɗiya nake,
kafin kunya ta iso bakin ƙofa.

Ranar da hedimasta ya daka mini tsawa gaban ɗalibai, gwangwani.
Ranar da albashi ya maƙale, gwangwani.
Ranar da ba a yi komai ba,
shiru ne kawai ya yi wa ɗaki yawa,
ita ma gwangwani.

A Shika, Sista Ramlatu ta soki yatsana,
ta dubi na'ura, ta dube ni:
"Malama Kubura, kina bakin rijiya."
Na dawo a bas ina zagin kaina
tun daga Samaru har Kwangila:
makwaɗaiciya, marar zuciya, babba da ke!
Na rantse na daina. Kwana huɗu rantsuwar ta yi.
A na biyar na cinye rabon mako guda,
don wanda aka zaga sai ya nemi lallashi,
ni kuwa lallashi ɗaya na sani.

Kwaɗayi mabuɗin wahala, in ji mutane.
Ba wanda ya tambayi abin da ya buɗe kwaɗayin.

Daren jiya aka ɗauke wuta
murfi yana hannuna.
Duhu ya tsayar da ni.
Na ja numfashi, na ji shigarsa, na ji fitarsa,
sau ɗaya, sau biyar, sau goma.
Na ɗora tafi a ciki: cike yake, ba ya kira.
Na ɗora a ƙirji: to, ga mai kukan nan.

Sai na ga Inna, Allah ya jiƙanta,
a tsakar gidanmu na Ƙofar Kuyambana,
ta kwance haɓar zane,
ta gutsuro mazarƙwaila ta sa mini a baki
ranar da na faɗi na ƙuje gwiwa.
Ashe shekara talatin ina bin zaƙin
alhali hannun nake nema.

Na faɗa wa kaina abin da nake faɗa wa 'yar aji biyu
in ta ɓata littafi, leɓe na rawa:
"Ya isa. Ba ki kashe kowa ba. Zauna."
Kwaɗayin ya taso kamar Kubanni a tsakiyar damina,
ya yi ruri, ya yi kumfa.
Ban tare shi ba, ban faɗa ciki ba,
na zauna a gaɓa ina kallo
har ya ja baya don kansa.

Sannan na gutsuri kaɗan, kamar ƙwayar gyaɗa biyu.
Na yi bisimilla. Yaushe rabon!
Na bar ta ta narke a harshe.
Ashe akwai hayaƙi a ciki, da ƙamshin rake,
da wani ɗan ɗaci can ƙarshe
da ban taɓa tsayawa na ji ba.
Ta ishe ni.

Na kira ƙanwata Saudatu,
muka yi ta hirar Inna har kati ya ƙare.

Ba zan ce na warke ba,
wataƙila jibi ma in durƙusa.
Amma yau da safe na jawo gwangwanin,
na kaɗe masa ƙura, na ajiye shi kan tebur
kusa da butar shayi,
inda rana ke ganinsa,
inda ni ma zan dube shi
ba tare da na sunkuyar da kai ba.