Ƙofa Ta Uku

Ƙarfe ɗaya na dare a Yamai.
Fanka na juya zafin da ta tarar,
shayi ya huce a kofi.
Can Tawa, bayan ɗakin haihuwa,
akwai akwati mai ƙofa huɗu bisa kanta,
ruta muke ce masa.
Ban taɓa ganinsa ba. Lambarsa na sani,
yadda ake sanin dangi ta waya.

Aikin kaɗan ne, in ji takarda:
a ba ƙofa ta uku sabon adireshi,
a gaya wa akwatin,
in saƙo ya zo bai san gidan da za shi ba,
ga wanda zai miƙa wa.
Goma, ɗigo, arba'in, ɗigo, uku, ɗigo, ɗaya.
Yatsana ya yi barci bisa ɗayan ƙarshe,
ya zama sha ɗaya.
Na danna.

Shiru.

Na yi sallama sau huɗu, ba wanda ya amsa.
Na bi sawu:
Doso ta amsa, Dogon Dutsi ta amsa,
Ƙonni ta amsa da kasala,
daga nan sai taurari uku, taurari uku,
har gindin allo.
Na kulle ɗaki da makulli a ciki,
ɗakin kuma tafiyar yini ce a mota.
Da safe Tsahara za ta zo da sakamakon jini
na mata goma sha,
ta danna, ya tafi gidan da ba a gina ba.

Na kira Baba Arzika, maigadi.
Kira na uku ya ɗauka, da tari.
"Wanne? Mai ƙyafta koren ido?"
Shi, Baba.
Na ji jan takalmi, na ji ƙarar kwaɗo,
na ji tocila a bakinsa tana cinye rabin magana.
Cire baƙar igiya, ka ƙirga goma, ka mayar.
Ya ƙirga talatin.
Wai goma ba ta isa mutum ya manta komai ba.

Abin da ya cece ni
shi ne abin da maigidana ke yi mini faɗa a kai:
ban adana ba.
Akwatin ya farka da hankalinsa na jiya,
kuskurena bai kwana a kansa ba.
Ta cikin waya, nesa,
wani jariri ya tsala kukan farko,
Baba ya ce masha Allah,
allona ya ce amsa, amsa, amsa, amsa.

Na sake rubutawa, ina faɗi da ƙarfi,
shi yana maimaitawa kamar ɗan aji ɗaya:
uku, ɗigo, ɗaya. Ɗaya tal.
Ƙofa ta uku ta buɗe.
Na leƙa sau biyu kafin in adana.

"To kai ka ɓata, ko shi ya ɓata?"
Ni ne, Baba.
Ya yi dariya har tarin ya dawo.
Ya ce in na zo Tawa in taho masa da batir,
ya ce akwatin duk ƙura,
zai goge shi da safe,
ba zai taɓa igiya ba.