Ƙulli Biyu

Ranar Laraba, ruwa ya ɗauke da la'asar,
Malama Lantana ta aiko jikanta shagona a Ƙofar Doka,
wai in zo in ɗaure bakin birekan nan,
ya ishe ta.

Sau huɗu jiya, ta ce, sau uku shekaranjiya.
An kawo wuta, fankar maƙwabta na juyi,
ni kaɗai a Tudun Jukun ke laluben ashana.
In na ɗaga shi, ya zauna kamar mutumin kirki,
sai na kai loma baki,
ƙas!
Wani yaro ya duba, ya ce lalatacce ne,
a sa waya a tsallake shi, kowa ya huta.

Na ce, Malama, ba neman rigima yake ba.
Makiyayi ne a bakin garke:
abin da ya fita ta jar waya
shi yake jira ya dawo ta baƙa.
In ɗan maraƙi ya ɓalle ta wata hanya,
ko da talatin cikin dubu na amfiya guda,
sai ya ja ƙyaure.
Ƙirga kawai ya iya, bai san inda shinge ya ɓule ba.
Wannan aikina ne.

Na danna maɓallin gwaji, ya faɗi nan take.
Lafiyarsa lau.
Muka sauke layuka duka, ni da Mudi,
muka ciccire filogi:
dutsen guga, hitar da gindinta ya yi tsatsa,
cajar da jika ya ɓoye bayan katifa.
Na ɗaga falo, shiru.
Na ɗaga ɗakuna, shiru.
Firji na ɗan yoyo irin na tsufa,
bai kai a kama shi ba.
A soket ɗin bayan gida muka tarar da tsaka, ta bushe,
Mudi ya ce ga ɓarawo!
Muka share, muka ɗaure, aka kawo mana kunun zaƙi.
Ina zuge jaka,
ƙas!

Raina ya ɓaci, ba na ɓoyewa.
Na ce, yaushe ya fi yin haka?
Ta yi tunani. In an yi ruwa, ta ce.
Da rani ba ruwansa da kowa.

Sai na kashe babban layi,
na bi wayar famfon rijiya
ta gindin katanga, ƙarƙashin indararo,
inda ƙasa ta yi laushi, gansakuka ta yi shar.
Taƙi ɗaya Mudi ya tona.
Ga haɗi, ba akwati, ba tef,
an naɗe shi da tsagin robar keke.
Naɗi mai kyau, wallahi, na mai haƙuri,
layi kan layi, ƙulli biyu a ƙarshe.
Shekaru sun tsattsaga roba, damina ta sami ƙofa.
Na aza mita tsakanin waya da ƙasa,
allura ta kwanta.

Taku uku daga nan
jikokinta ke wanke ƙafa ba takalmi.

Ta duƙa ta duba. Ta daɗe.
Ƙullin Malam ne, ta ce.
Haka yake ɗaure bakin buhun masara.
Bana shekara tara.

Ban ce komai ba.
Na yanke, na ja sabuwar waya cikin bututu,
na ɗaga haɗin kamu biyu daga ƙasa, na rufe shi a akwati.
Kafin magariba hadari ya sake haɗowa daga gabas,
ruwa ya goce,
mu uku a baranda, ido kan bireka
kamar masu jiran sakamakon asibiti.
Bai motsa ba.

Ta biya ni, ba ta nemi ragi ba.
Na kai zaure ta kira ni.
Robar nan, ta ce,
in ba wani amfani za ka yi da ita ba,
bar mini.