Kaɗin Lantarki

Kakata Tabawa ta yi shekara arba'in tana kaɗi a Naraguta,
alli a yatsa, mazari na rawa cikin ƙoƙo.
Ni allura ce mazarina,
narkakkiyar roba ce audugata,
lantarki ke jan zaren, hannuwana na aljihu saboda sanyi.

Ɗigo ya tsaya a bakin allura yana shawara,
ya yi tsini, ya arce,
ya bushe a iska kafin ya kai faranti.
Awa uku ban ga komai ba
sai fari-fari kamar yanar kunu.

Chundung ta ce in leƙa madubin na'ura.
Ashe daji ne a ciki,
sili bisa sili,
gashin kaina gungume ne a wurinsu.

Ran Talata muka ɗebo ruwan kududdufin kuza a Bukuru,
jawur, muka tace.
Ba mai sha sai an auna,
amma Chundung ta rangaɗa guɗa ƙasa-ƙasa
kada Farfesa ya ji.

Jiya aka ɗauke wuta ana tsakar aiki,
zare ya yi gudaji.
Na yi irin tsakin Tabawa in abawa ta tsinke.

Na kai mata ƙyalle ɗaya a takarda.
Ta murza, ta ɗaga shi ga hasken ƙofa.
"Wannan ko fatari ba zai yi ba. Wa ya koya miki?"
Na ce, "Ke."
"Ƙarya kike," in ji ta. "Nawa ana ganinsa."