Ƙara Ɗaya

Sidi ya yi shekara huɗu a Indiya,
an tura shi koyon haɗa magani.
Ya dawo da kwali, ya dawo da wani salo:
wai can a rediyo sai a bugo maka waya
a ce motarka ta take zakaran wani,
kana rantsuwa, kana kumfar baki,
gari na ji, yana riƙe ciki.

Yanzu duk Laraba bayan la'asar,
daga Marina har Gawon Nama,
mai shayi kan rage wuta ya ƙaro murya.
Mun ji an ce wa Ladan mahauci
ragon da ya yanka jiya na alƙali ne.
Mun ji Inno mai masa ta wanke ɗan harajin ƙarya
tas, har kakansa na bakwai.
Na yi dariya sai da shayi ya biyo ta hanci.

Sai ran da layi ya faɗa kan Baba Altine,
mai gyaran agogo a bakin Tsohuwar Kasuwa.
Ƙara ɗaya ya ɗauka.
Sidi ya shaƙe murya:
"Baba, ka gane mai magana?"

Shiru.
Muna jin agogai na tafiya a bayansa,
kowanne da nasa lokaci.

"Hali? Kai na?
Ina kake, ɗan ga? Ka ci abinci?"

Mu da ke kan benci mun san Hali.
Shekara shida da ya hau motar Agadas,
jaka ɗaya, lambar uban a ka.
Tun ranar tsohon bai bar waya
ta yi ƙara biyu ba.

Akwai takarda gaban Sidi,
batun agogon da aka gyara ya koma tafiya da baya.
Bai karanta ba. Numfashinsa muka ji.
"Baba, ba Hali ba ne. Sidi ne, daga rediyo."

"To, to. Babu komi, yaro.
Sai dai ka sauka daga layin,
kar shi kira shi iske ana magana."

Aka sako tallar takin zamani.
Mai shayi ya daɗe yana juya cokali
a kofin da sukarinsa ya narke tuni.

Laraba ta zagayo, an kira wani direba,
an ce abin ya ba da dariya.
Ni na kai agogona gyara,
ko da yake lafiyarsa lau.