Mai Gadin Mai Gadi

Ubana maƙeri ne a Sandamu.
Gadon da ya bar mini bai cika ƙwarya ba:
awartaki guda, bashin gawayi,
da fatar akuya da ta ƙandare kamar ganda,
wadda ya shekara talatin yana ɗaurawa wurin aiki.

Ran da na ɗaga ta ga rana
sai haske ya dinga yoyo ta cikinta.
Na ƙirga huda arba'in da bakwai.
Kowace huda tartsatsi ne da ya nufo cinyarsa
ya tarar da mai gadi a ƙofa.
Ran nan na san ma'anar walki.

Ni wuta ba ta karɓe ni ba, allura ce ta karɓe ni.
Kekena na nan Ƙofar Marusa, jikin mai faci.
Abin da almakashi ya rage ba na zubarwa, buhu gare shi:
sauran shaddar wani ango da har yau bai cika kuɗi ba,
atamfa mai zanen agogo ta malamar asibiti,
shuɗin yadin 'yan makaranta.
Dare uku ina haɗa su baki da baki,
na yi aljihu biyu, babba na canji, ƙarami na ashana,
na ja maɗauri da tsawo, don mai shi ba siririya ba ce,
na datse zare da haƙori, na tashi daga ɗinki.

Gwaggo Lantana na yi wa.
Tun ban yi wayo ba take tuyar ƙosai a bakin titi,
mai ya ci mata zannuwa sun fi ashirin.
Ta goge hannu, ta sauke kasko,
ta share hancin jika, ta kwaso ƙwai daga akurki,
duk da tsumma ɗaya da take ɗaurawa a kan ciki.

Ta karɓa, ta juya, ta sansana,
ta ce, "Ke Hurera, wannan ai na zuwa suna ne."
Na ce, "Don a ɓata shi aka yi shi, Gwaggo."
Ta ce to.
To ɗin Gwaggo kuwa rijiya ce,
ba a hango ƙasanta daga baki.

Da sassafe na biya in sayi na ɗari biyu.
Ga ta bisa 'yar kujera, ga wuta, ga layi,
ta ɗaura nawa tsaf, aljihu na kallon gabas,
sannan ta kawo tsohon tsumman nan
ta ɗaura daga sama, kada mai ya taɓa shi.
Mai gadi ya samu mai gadi!
Na yi dariya har na ƙware,
yara riƙe da kwanoni suna kallona da mamaki.

Wata biyu a haka. Ban ƙara tankawa ba.
Sai wata Laraba, ana sauri,
tsumma ya kwance, kasko ya yi tofi,
ɗigo uku suka sauka kan agogon malamar asibiti.
Ta turo jikanta a guje, wai in zo, an yi ɓarna,
in taho da ƙyalle da kayan aiki.

Na tarar tana murza wurin da toka.
Na riƙe hannunta, na ɗaga, na duba:
zane lafiya, fata lafiya.
Na ce, "Bar shi, yau ya fara cin abincinsa.
Saura arba'in da huɗu ki kamo wanki."
Ta ce, "Wane wanki? Yanzu kika hana ni."
Na ce, "Wanki na Sandamu, mai walki."

Ta yi shiru. Ta kalli tabon, ta kalli wuta.
Ta ce, "Shi ma da Inna ta sayo masa sabo
sai da ya kwana bakwai a rataye."
Ta naɗe tsumman ta cusa a babban aljihu,
ta dubi yaron gaba ta ce, "Na nawa?"
Mai ya ci gaba da tsaki.